An Ce In Koma Gidan Ƙanwata

Kafin in fara, masu yi mini nasiha a ƙarƙashin labarin nan ku ɗan dakata. Na san haƙuri, ni da shi mun daɗe a ɗaki ɗaya. Yau dai ku bar ni in amayar da abin da ke cina, in ya so daga baya kowa ya yanke mini hukuncinsa.

Shekarata ashirin da tara. Ni nake riƙe da wani shagon tabarau a bakin babban titi, inda muke auna ido, mu yanka gilashi, mu sa wa mutum a firam. Ina da ma'aikata a ƙarƙashina, in na shigo da safe har da masu miƙewa tsaye. Tsofaffin da ke zuwa awon ido "Likita" suke ce mini, na gaji da gyara musu na ƙyale su. Amma da zarar na tura ƙofar gidanmu, shi ke nan, na koma "yarinyar nan".

Mamanmu ta rasu tun ina makaranta. Abba kuma shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi bara waccan, hannun dama da ƙafar dama suka daina aiki, harshe ya yi nauyi. Yayanmu namiji yana wani gari da iyalinsa. Ƙanwata Auta, wadda na goya a bayan nan nawa, na yi wa kitso, na ja ta makaranta tana kuka da majina, an yi mata aure har ta haihu. Saura ni da Abba a gidan. Wani ma'aikacin jinya ne yake zuwa da safe ya yi masa wanka, ya zauna da shi har in taso daga aiki. Sauran duk ni ce. Ni ce magani, ni ce abinci a baki, ni ce juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ni ce mai faɗa da masu gyaran famfo.

To, ranar Asabar ɗin nan Yaya ya ce zai zo a zauna a kan maganar Abba. Wallahi har daɗi na ji. Tun da asuba na share falo, na sauya labule, na goge hoton Mama. Na ɗauko atamfata shuɗiya wadda ban taɓa sawa ba, na yi ɗauri mai kyau, don ina so in zauna a taron nan kamar mutum. Ina goge-goge ina tsara abin da zan faɗa a kai: likitan gashin ƙashi ya ce ƙafar ta fara amsawa, kada a katse masa.

Yaya ya fara isowa, sai Gwaggo, ƙanwar Abba. Auta ce ta ƙarshe. Mijinta ya sauke ta a ƙofa, ta shigo cikin leshi ruwan zuma, awarwaro har gwiwar hannu, turarenta ya riga ta sallama. Gwaggo ta washe baki.

"Maraba da uwar gida! Zo nan kusa da ni, kada ki zauna a ƙasa, jikinki bai gama ƙwari ba."

Na kawo ruwa na ajiye, na ja ƙaramar kujera zan zauna. Ko gama zama ban yi ba Gwaggo ta zare jaririn daga cinyar Auta ta miƙo mini.

"Ke, karɓi yaron nan ki fita da shi. Ki ɗora mana shayi kuma, za mu yi magana."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Na ce, "Gwaggo, ai maganar Abba ce."

"Shi ya sa. Magana ce ta manya."

Na dubi Yaya, yana danna waya. Na dubi Auta. Ta sunkuyar da kai tana jujjuya awarwaronta kamar yau ta fara ganinsu. Jama'a, yarinyar da har yau in wuta ta ɗauke a gidanta ni take kira ta ce tana jin tsoro, ita ce manya. Ni ce mai shayi.

Na karɓi yaron na fita. Gwaggo ta ce in ja musu ƙofa, na ja.

A kicin na tsaya, yaro a kafaɗa, ina jiran ruwa ya tafasa. Bai tashi yin tumbuɗi ba sai a kan sabuwar atamfata, tun daga kafaɗa har ƙugu. Ban ma goge ba. Na kai musu shayin, suka yi tsit har na fito, sannan na wuce ɗakin Abba. Yana kwance idonsa a kan ƙofa, ya ji muryoyi, yana jira a zo a tura shi falo. Ba wanda ya zo. Mu biyu aka bari a waje, ni da mai gidan.

Na ɗora masa jikansa a ƙirji, ya shafa kansa da hannun hagu. "Uwata," ya ce da ni, don haka yake kirana tun ina ƙarama. Na ce, "Na'am, Abba. Yanzu za su gama."

Da suka gama ɗin, Auta ce ta leƙo ta ce ana kirana. Ana kirana! A falon da na share.

Yaya ya gyara murya. Ya ce sun duba sun gani, zai tafi da Abba garinsu, akwai babban asibiti kusa da gidansa, matarsa kuma tana gida kullum. Wannan gidan za a rufe shi tukuna. Ya faɗi haka yana kallon kofin shayinsa.

Na ce, "Likitan gashinsa fa? Ya saba da shi."

"Can ma akwai likitoci."

"To ni fa?"

"Ke za ki koma gidan Auta. Mun yi waya da mijinta, ya amince, Allah ya saka masa. Akwai ɗaki kusa da kicin. Kin ga sai ki riƙa zuwa aikinki daga can, in kin dawo ki taya ta da yaro."

Na ce, "Yaya, me zai hana in zauna a nan? Gidanmu ne."

Gwaggo ta saki salati har da tafa hannu. "Ke kaɗai? Budurwa, a gida, ba babba? So kike a yi da mu a unguwa?"

"Gwaggo, na girmi Auta da shekara takwas."

"Shekaru kike ƙirgawa? Ko icen ƙofar gidan nan ya fi ki shekaru. Ita wannan da kike gani ta san abin da ba ki sani ba. Ta riƙe miji, ta riƙe gida, ta durƙusa ta haihu. Ke me kika riƙe?"

"Gidan nan wa yake riƙe da shi?"

"Wannan jinya ce, lada kike samu, Allah ya ba ki. Amma ba ita ce riƙon gida ba."

Auta ta ɗago a hankali ta ce, "Anti, wallahi ɗakin yana da kyau, har da fanka sabuwa."

Na san da zuciya ɗaya ta faɗa. Shi ya sa ya fi zafi.

Yaya ya ajiye kofi ya ce, "Shi wannan yaron naki, mai zanen gidaje, ina labarinsa? Shekara nawa muna jin sunansa? Ina gari har gobe da yamma. In da gaske yake, ya zo mu gaisa. In akwai magana a ƙasa, ai da ba a kai ga haka ba."

Bari in gaya muku ko wane ne. Mai zanen gidaje ne, a shagonmu muka haɗu, ya zo da tabarau da ya zauna a kai ya karye. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, lokacin da Abba ya faɗi shi ya ɗauke shi a hannu ya sa a mota. Amma a wayata ba sunansa na sa ba. "Saura Kaɗan" na rubuta, don tun da na san shi amsarsa ke nan. Yaushe za ka turo? Saura kaɗan. Yaushe za a gama ginin? Saura kaɗan.

Na shiga ɗaki na tura masa saƙo: "Kana ina?"

"Ina fili, masu aiki sun zo. Lafiya, ranki ya daɗe?" Har da hoton fure.

"Jira ni."

Na tuɓe atamfar na jefa a bokiti, na zura baƙar abaya, na yafa mayafi, ko hoda ban shafa ba. Na ce wa Auta ta kula da Abba na fita.

A cikin tasi na buɗe gurup ɗinmu na ƴan ajinmu, don in ɗauke hankalina. Ban san me ya kai hannuna ba, na rubuta: "Don Allah yaushe kuka san kun girma?" Nan da nan suka yo caa. Wata ta ce ranar da ta ga set ɗin tukwane a kasuwa ta ji gabanta ya faɗi kamar ta ga saurayi. Aka yi ta tura dariya. Wani ya ce shi ranar da yaran layinsu suka fara ce masa Baba, ya shiga gida ya daɗe a gaban madubi. Wata mai ƴaƴa uku ta ce ita har yau jira take babba ya shigo ɗakin ya gaya mata yadda za a yi, sai ta tuna ita ce babbar. Sai wata da ba ta cika magana ba ta rubuto: "Ba kai kake sani ba. Sai ranar da aka ga dama aka gaya maka." Na kashe wayar na cusa a jaka.

Filin yana bayan gari. Ginin ya kai linta, wato saman tagogi, tun bara, ya tsaya a nan, bulo tsirara, ciyawa ta fito a inda ya ce nan ne falona. Na same shi da hular kwano da tef ɗin awo a hannu, siminti har gira. Ya taho yana murmushi.

"Kin zo a daidai. Zo ki ga inda na mayar da tagar kicin, yanzu in kina wanke-wanke za ki riƙa hango ƙofar gida."

Na ce, "Yaya yana gari har gobe. Ya ce ka zo ku gaisa."

Murmushin ya tafi. Ya naɗe tef ɗinsa a hankali. Na zayyana masa komai, tun daga shayi har ɗakin kusa da kicin. Ya saurara, ya girgiza kai, ya ce bai ji daɗi ba. Sannan ya ce, "Amma kin san ba zan iya zuwa yanzu ba."

"Gaisuwa ce kawai."

"Ba gaisuwa ba ce, kin sani. Zai tambaye ni ina zan ajiye ki. In ce masa ina? Ɗakin da nake tun ina sakandare, a gidan mahaifiyata?"

"Mu kama haya."

"Na rantse ba zan fara rayuwata a gidan wani ba." Ya cire hular ya share goshi. "Kin ɗauka ke kaɗai ake yi wa haka? A gidanmu in magana ta taso ƙanena ake kira, don shi ke da gida da mota. Ni sai an gama a ce in je in sayo gas. Ina zana wa mutane benaye, amma a gida ɗan aike ne. Ranar da na ɗora kwano a kan ginin nan, ranar zan shiga ko'ina da kaina a sama. Kafin nan ban zama mutum ba. Saura kaɗan, wallahi."

Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Ciwonmu ɗaya. Har na buɗe baki zan ce masa to mu haɗa ciwon wuri ɗaya mana, mu daina jiran a ba mu izini. Sai ya riga ni.

"Kuma in kin duba, zaman gidan Auta ba laifi ba ne. Na ɗan lokaci ne. Kin ga ma sai ki koyi yadda ake zaman gida kafin namu."

Na tsaya ina kallonsa. Mutumin da ya sha zuwa ya same ni da tsintsiya a hannu ɗaya, kwalbar magani a ɗaya. Mutumin da ya ga yadda nake ɗaga Abba ni kaɗai in zaunar da shi a keke.

Na ce, "In koya. A wurin Auta."

"Ba haka nake nufi ba..."

"Haka ka faɗa."

Na juya. Ya biyo ni yana kiran sunana har bakin hanya, wani lebura ya ƙwala masa kira a kan yashi, sai ya tsaya. Ya waiga wurin yashin, ya waigo wurina. Ya koma wurin yashin.

A bakin hanyar nan, ina jiran mota, na kira Hajiya mai shagonmu. A saman shagon akwai ɗaki da falo, wanda ya riƙe wurin kafin ni a nan ya zauna, tun da ya tashi yake rufe. Na ce ina so. Sai ta ce, "Mutanen gidanku sun sani?"

Har ita. Matar da ta damƙa mini shago sukutum ta tafi ta bar ni da shi wata da watanni.

Na ce, "Za su sani yau."

"To. Ki zo Litinin ki karɓi makulli. Amma ki yi tunani, ƴata."

La'asar ta yi sanyi na isa gida. Duk suna ɗakin Abba. An sauko da babban akwatin Mama daga kan wadirob, Auta tana ninke rigunan Abba tana jerawa, Gwaggo tana nuna mata waɗanda za a bari. Abba yana jingine da filo yana bin hannuwansu da ido.

Yaya ya ce, "Yaya dai? Zai zo?"

"Ba zai zo ba."

Gwaggo ta taɓe baki. "Ai dama."

Na tsaya a tsakiyar ɗakin. Na ce, "Yaya, ka tafi da Abba in ka ga shi ne alheri, ɗansa ne kai. Amma ni ba zan koma gidan Auta ba. Na sami wuri a saman shagonmu, can zan zauna."

Rigar da ke hannun Auta ta faɗi. Gwaggo ta dafe ƙirji ta ce ita dai ta ga ta kanta, ashe abin da karatun ya koya mini ke nan, zaman kai. Yaya ya miƙe tsaye, idonsa ya kaɗa.

"Da izinin wa?"

"Ban nemi na kowa ba. Kamar yadda ba a nemi nawa ba ɗazu."

"Ke, ni kike gaya wa..."

Sai muka ji ƙara. Abba ne yake buga ƙarfen gado da hannun hagu. Ya buga, ya sake bugawa, har kowa ya yi shiru. Ya buɗe baki da ƙyar, maganar ta fito a dunƙule, rabi iska rabi sauti, yawu yana bin gefen bakinsa. Ya daɗe yana yi. Da ya gama ya saki kansa a kan filo yana haki.

Yaya ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta dubi Auta. Ba wanda ya tsinci ko kalma ɗaya. A hankali duk suka juyo wurina.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

Ni na ji. Tsaf na ji, don kunnena ya saba. Kuma a wannan lokacin na gane duk abin da na ce ya ce, shi ya ce. In na ce ya ce a bar ni, an bar ni. In na ce ya ce ba inda za shi, Yaya ba zai iya musu ba. Ba mai kama ni sai Allah, sai kuma tsohon da ba ya iya ƙaryata ni.

Na dubi Abba. Yana kallona, ya san na ji.

Na goge masa baki da gefen mayafina, na ce, "Ya ce in bi maganarku. Ya ce mace ba ta zama ita kaɗai, in tafi gidan Auta kada in ba shi kunya."

Haka ya faɗa, jama'a. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Gwaggo ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. To kin ji da kunnenki, kin kuma faɗa da bakinki."

Na ce, "Na ji. Na isar muku da nasa. Abba, ka yafe mini, ban taɓa tsallake maganarka ba tun da aka haife ni. Amma ba zan je ba."

 

Lokacin abincinsa ya yi, don haka na fita na ɗumamo, na dawo da kwano da cokali kamar kullum. Na sa masa tawul a ƙirji, na zauna a bakin gado, na hura, na kai cokalin bakinsa.

Ya datse leɓɓansa. Ya juyar da fuska bango.

"Abba."

Bai waigo ba. Na riƙe cokalin a iska ina jira. Gwaggo ta ce, "Auta, karɓi." Auta ta karɓa tana hawaye, ta cika cokalin fal, ba ta ko hura ba. Na ce a raina zai ƙware, zai ƙone. Ya juyo ya buɗe mata baki.

Na fito tsakar gida na tsaya kusa da bokitin da atamfata take jiƙe. Wayata ta yi ƙara a jaka. Saƙon Saura Kaɗan ne.

"Yayanki ya kira ni yanzu. Ya ce wai za ki kama ɗaki ke kaɗai, kuma ni na zuga ki. Mahaifiyata tana kusa, ta ji komai. Ki ce mini ba gaskiya ba ne."

Ina cikin karantawa wani ya sake shigowa.

"In gaskiya ne, kada ki amsa. Zan gane."

Na zauna a kan dakalin famfo, wayar tana hannuna. Daga ɗaki ina jin ƙarar cokali a jikin kwano, da muryar Auta tana cewa, "Ƙara ɗaya, Abba." Hasken wayar ya dushe, na taɓa ya dawo. Ya sake dushewa. A karo na gaba ban taɓa ba.